Kafin Ɗanki Ya Fara Tatata

 Ɗiyata, tun da cikin nan ya shiga wata na bakwai hankalin gida duk ya koma kan kayan jariri. An ɗinka zannuwan goyo, an sayo baho da sabulu, ana ta lissafin itacen wanka da ragon suna. Duk daidai ne. Amma akwai wani tanadi da ba a sa shi a akwati, kuma a watanni ukun nan da suka rage miki ake yin mafi yawansa. Shi nake so mu yi magana a kai tun kina da sukunin saurare, don in jego ya zo, barci ma sai an yi da gaske.

Maganar jini ce, da sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, wanda za ki ji ma'aikatan asibiti na kira ayon. Kowa ya san ƙarancin jini na sa babba jiri da kasala da bugun zuciya. Amma ba kowa ya san yana taɓa motsin jariri ba. Ranar da zai tsai da wuyansa, ranar da zai zauna da kansa, rarrafensa, har ranar da zai saki gefen gado ya yi taku biyu ya faɗa jikin uwarsa, duk da hannun wannan sinadari a ciki.

Jan da kike gani a jini ƙarfe ne ke ba shi, kuma shi ke riƙe iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Tsoka ma tana da nata ƙarfen da take ajiye iska da shi, shi ya sa wanda ya rasa shi yake saurin gajiya. Wannan ba wuyar ganewa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙwaƙwalwa. Kafin yaro ya miƙa hannu ya ɗauki cokali, sai saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa, ya bi jijiya, ya isa yatsu. Jijiyoyin nan ba su gama nuna ba ake haihuwar yaro. A hankali jiki ke lulluɓe su da wani farin kitse da likitoci ke kira mayelin, wanda ke sa saƙo ya yi sauri ya kuma isa daidai inda aka aike shi. Ƙwayoyin da ke yin wannan lulluɓi ba sa aiki sai da ƙarfe. Haka ma dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke daidaita motsi da shi, ba ya haɗuwa sai da ƙarfe. Mafi yawan wannan gini kuwa a ƙarshen ciki da shekara biyun farko ake yin sa.

In ƙarfe ya yi kaɗan, jiki jini yake fara bai wa, sauran sassa su jira. Ke nan ƙwaƙwalwa tana iya shiga rashi tun awon jini bai nuna komai ba. Masu bincike a birnin Detroit na Amurka sun duba jarirai 'yan wata 9 zuwa 10, suka tarar waɗanda ƙarfensu ya yi ƙasa sun fi rauni wajen motsi, har da waɗanda jininsu bai sauka ba tukuna. Don haka kada ki jira sai idon yaro ya yi fari kafin ki damu da abin da yake ci.

Allah cikin hikimarSa ba Ya sako jariri duniya hannu rabbana. Da guzurinsa yake zuwa. Wanda ya cika watanninsa yakan zo da ƙarfe wajen miligiram 75 a kowane kilo na nauyinsa, wani a cikin jini, wani a ajiye a hanta. Kusan kashi 80 cikin 100 na wannan a watanni ukun ƙarshe yake ɗiba daga jikin uwa ta mabiyiya. Guzurin nan zai riƙe shi wata 4 zuwa 6, daga nan ya ƙare. Daga jikinki yake fitowa, ɗiyata, kuma mu a nan ba mu cika shiga ciki da jini wadatacce ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mata masu ciki 61 cikin 100 na da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 kuwa 68 cikin 100. Ba duka rashin ƙarfe ya jawo ba, akwai maleriya da tsutsar ciki da sikila, amma shi yana sahun gaba.

Shi ya sa ba na son a yi wasa da jar ƙwayar ƙarin jinin nan da 'yar ƙaramar rawaya da ake ba ku a wajen awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum, tare da folik asid, har ta haihu. Na san abin da ke sa mata ajiye ta a ƙarƙashin katifa. Tana tayar wa wasu zuciya, tana sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri. Baƙin ba ciwo ba ne. Tashin zuciyar kuwa yakan lafa in kika sha bayan kin ci abinci, ko daf da kwanciya. Ki sha ruwa sosai, ki ci ganye. Kada ki kora ta da shayi, domin shayi na ɗaure ƙarfe ya hana hanji ɗauka. Ki ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu. Na kuma sha jin ana cewa maganin ƙarin jini na sa ɗa ya yi ƙato ya wahalar da uwa wajen haihuwa. Ba haka ba ne. Abin da yake yi shi ne rage haihuwar ɗan da bai kai nauyi ba. Wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan ita ce a bakin haɗari, don zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya kada ta. Ki karɓi Fansidar ɗin da ake bayarwa a awo, ki kwana a gidan sauro ko da zafi ake. Maleriya na fasa jinin uwa, tana kuma maƙalewa a mabiyiya ta rage abin da ke isa ga ɗa.

Sai ranar haihuwa. Akwai mintuna uku a ranar da nake so ki san darajarsu tun yanzu, don lokacin ba za ki iya dogon bayani ba. Sa'ad da jariri ya faɗo, wani kaso mai yawa na jininsa yana nan a mabiyiya da igiyar cibiya. In aka ɗan dakata ba a ɗaure igiyar ba, za ki ga tana harbawa, jinin na ta wucewa zuwa jikinsa, mililita 80 zuwa 100 cikin 'yan mintuna, har igiyar ta yi fari ta saki. A jikin da bai wuce kilo 3 ba, wannan jini ne mai yawa. A garin Halmstad na ƙasar Suwidin, wani likitan yara, Ola Andersson, da abokan aikinsa sun raba jarirai 400 gida biyu. Wasu aka ɗaure musu cibiya cikin daƙiƙa 10, wasu sai bayan minti 3. Da suka kai wata 4, kashi 5.7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gaggawa sun shiga rashin ƙarfe, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 0.6 kacal. An buga wannan a 2011. Da aka sake duba yaran suna shekara 4, waɗanda aka jinkirta wa sun ɗan fi iya aikin yatsu, irin riƙe fensir, musamman maza. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dakata minti 1 zuwa 3, sai fa in jariri bai yi numfashi ba ana buƙatar a ceto shi nan take.

A wannan wurin iyayenmu ba su yi kuskure ba. A da, sai mabiyiya ta faɗo sannan ake kiran ungozoma ta yanke cibi, ke nan jariri ya riga ya karɓi jininsa duka. Inda aka riƙa samun matsala shi ne tsohuwar reza da abin da ake shafawa a cibiyar. Ni dai a asibiti nake so ki haihu, ciki na fari ne. Ki tambayi malamar awo tun yanzu ko suna jinkirta ɗaure cibiya, ki kuma gaya wa wadda za ta raka ki ta tuna musu cikin ladabi. Ba kuɗi ake biya ba. Haka kuma in an zo maganar wanzami da cire beli, ki sa maigidanki ya tsaya. Jinin jariri gaba ɗayansa bai fi cikin kofi ba, duk ɗigon da ya zuba daga guzurinsa aka cira, ban da haɗarin ƙwayar cuta. Belin nan halitta ce, ba ya hana shan nono.

Watanni shidan farko ba su da wahalar bayani: nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba madarar shanu. Ƙarfen da ke cikin nono kaɗan ne ƙwarai, bai kai rabin miligiram a lita ba, amma hanjin jariri na ɗaukarsa da kyau, ga kuma ajiyar da ya zo da ita. Ki ci gaba da shan naki maganin bayan haihuwa don ki mai da jinin da kika zubar, kunun kanwa ba ya maye gurbinsa. Sai dai ki sani, duk yawan da kika sha, ƙarfen nononki ba zai ƙaru can ba. Saboda haka jaririn da ya zo da ajiya kaɗan, nono kaɗai ba ya cike masa. Bakwaini ke nan, da tagwaye, da wanda bai kai kilo 2.5 ba, da ɗan mai ciwon suga. Irin waɗannan likita kan rubuta musu ƙarfe na ɗigawa tun suna 'yan makonni. In naki ya zo a cikinsu, ki tambaya kafin a sallame ku.

Inda nake so ki buɗe kunne sosai shi ne wata na shida. A nan yawancin 'ya'yanmu ke zamewa, kuma ba wanda ke lura, don ba zazzaɓi ba gudawa. Yaro ya ninka nauyin haihuwarsa, kafin shekara zai ninka shi uku, jininsa kuma dole ya ƙaru daidai da jikin. Ajiyar ta ƙare. Ɗan wata 7 zuwa 12 ana so ya samu ƙarfe miligiram 11 a abincinsa kullum. Ubansa, ƙaton namiji, 8 ke isarsa. Ki dubi wannan da kyau. Ɗan da cikinsa bai wuce ya ɗauki ƙaramin kofi ba, buƙatarsa ta fi ta mai gidan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan kuma daga abinci zai fito, ba daga nono ba. Kuma daidai wannan lokaci ne yake koyon zama, yake yunƙurin rarrafe.

To, me muke ba shi? An jiƙa gero, an niƙa, an tace, an zubar da dusa, an dama koko tsararo kamar ruwa, an zuba sukari. Uwa ta kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, tana tsiyaya kunu yana kuka yana haɗiya, wani na bin wuya. Cikinsa ya yi tim, ya yi barci, a ce ya ƙoshi. Ruwa ne ya cika cikin. Ƙarfen da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗurar nan ma ki bar ta, kunu na iya sarƙe shi ya gangara huhu. Ki zaunar da shi a jikinki, ki ba shi da cokali, ki jira ya buɗe baki da kansa.

Gero da dawa suna da ƙarfe, amma akwai wani sinadari a cikin hatsi da ke riƙe shi ya hana jiki samu. Jiƙawa da barin gasara ta yi tsami na rage wannan, haka ma barin hatsi ya yi tsiro kafin a shanya a niƙa. Ki dama kunun da kauri, yadda in kika karkata cokali ba zai zube nan da nan ba. In ya yi masa nauyin haɗiya, ɗan garin tsiro kaɗan zai sassauta shi ba tare da kin ƙara ruwa ba. Ki haɗa da garin waken suya da aka soya, da gyaɗa. Amma ƙarfen da jiki ya fi ɗauka cikin sauƙi shi ne na nama, da hanta, da kifi. Hantar kaza guda ɗaya, ki dafa ta ta nuna sarai, ki murje ta da bayan cokali har ta yi laushi, ki cakuɗa cikin faten wake ko dankalin Hausa da aka dama. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, hanta ba a cika ta. Sauran ranaku ki daka busasshen kifi bayan kin cire ƙaya, ki tankaɗe, ki ajiye a kwalba mai murfi, kina barbaɗa cokali guda a abincinsa. Tsokar nama ma in ta dahu luguf aka daka ta, ɗan wata 6 na iya ci, ba sai ya yi haƙori ba. Ƙwai ƙarfensa bai kai na hanta ba, amma yana gina jiki, kuma zancen wai yaron da ya ci ƙwai zai yi sata ba shi da tushe a addini ko a likitanci.

Zogale da alayyahu da wake duk suna taimakawa, sai dai ƙarfensu na buƙatar abin da zai ja shi. Abin da ke jan sa shi ne bitamin C: ruwan lemo, gwanda, mangwaro, gwaiba da aka cire wa 'ya'ya, tumatir, ko garin 'ya'yan kuka. Ki ba shi a zama ɗaya da abincin, ba sai an jima ba. Shayi kuwa kada ki ɗanɗana masa, ko da kowa na sha da safe yana miƙo hannu. Madarar shanu ma ƙarfenta kaɗan ne, tana cika ciki ta hana cin abinci, a wasu jariran har tana sa hanji ya riƙa tsattsafar da jinin da ido ba ya gani. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa marar lafiya wai don ƙarin jini, daɗi ne kawai da sukari. Abincin nasa kuwa ki fara da cokali 2 zuwa 3, sau 2 ko 3 a yini, ki riƙa ƙarawa. Daga wata 9 ya zama sau 3 zuwa 4. Nono kuma na nan har shekara 2. Ki yi ƙoƙari ku ba da tazara, ke da maigidanki, don kwanika na cutar da uku a lokaci guda: na goye, da na ciki, da uwar da ba ta gama mai da jininta ba.

Yanzu bari in gaya miki kamannin yaron da wannan abu ya kama, don ba irin wanda kike zato ba ne. Sau da yawa shi ne wanda ake yabo. “Kai, wannan yaro akwai haƙuri, inda aka ajiye shi nan za a same shi.” Ba ya rigima, ba ya jawo kwano, ba ya bin kaji a tsakar gida. Wata likitar yara Ba'amurkiya, Betsy Lozoff, ta shafe shekaru tana bin yara a ƙasar Kosta Rika, tun daga shekarun 1980. Ta lura jariran da ke da ƙarancin jini na rashin ƙarfe sun fi maƙale wa uwa, sun fi ɗari-ɗari, ba su cika murna da wasa ba, kuma da wuri suke gajiya. Yaron da ba ya yunƙurawa ba ya faɗuwa ya tashi, wanda ba ya faɗuwa ya tashi kuwa ƙafarsa ba ta koyon tsayuwa. Manya ma in suka ga ba ya nema sai su rage yi masa wasa. A 1991 ta buga sakamakon yaran suna shekara 5. Jininsu duk ya dawo daidai, amma waɗanda nasu ya sauka sosai suna jarirai har lokacin suna bayan 'yan'uwansu a gwajin motsi da na fahimta. Ban faɗi wannan don in tsorata ki ba. Yaro na farfaɗowa da magani da abinci da kulawa, na ga da yawa sun farfaɗo. Amma hana shi faruwa ya fi gyara shi sauƙi nesa ba kusa ba. A lardin Hebei na ƙasar Sin an gwada a kan jarirai fiye da 1,000, aka riƙa ba wasu ƙarfe daga mako 6 zuwa wata 9, kuma a wata na 9 sun fi waɗanda ba a ba su ba ƙwarin zama da rarrafe da tsayuwa. A tsibirin Pemba na Zanzibar ma an ga yaran da jininsu ke da kyau sun fi saurin fara tafiya.

Duk da haka kada ki zama mai auna ɗanki da ɗan maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi lafiyayyun yara 816 a Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Wasu sun zauna da kansu tun kafin wata 4, wasu sai da suka haura wata 9. Tafiya ba riƙo, daga wata 8 har zuwa kusan wata 18. Wajen 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa. Dukkansu lafiyarsu ƙalau. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da zai sa ki ɗauki mayafi ki nufi asibiti shi ne in ya kai wata 4 wuyansa na lanƙwasa, ko wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko yana amfani da gefe ɗaya kawai, ko abin da ya riga ya iya ya daina. Ba kullum ne ƙarfe ba. Wahalar haihuwa, shawarar da ta yi tsanani a makon farko, sanƙarau, tamowa, laushin ƙashi, duk suna jawo jinkiri, kuma kowanne da nasa magani. Kada a ce miki haƙori ne ko nauyin jiki ne ki zauna.

Lokaci lokaci ki fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ki ja fatar idonsa ta ƙasa da ɗan yatsa a hankali. Cikin ya kamata ya zama ja. Ki buɗe tafin hannunsa ki ɗora kusa da na wani lafiyayye, ki duba harshe da farce. In kin ga fari, ko yana yawan cin ƙasa da gaske, ko ya daina son abinci, a je a auna jini. In kuwa farin ya yi yawa yana haki, ko ya kasa kama nono, wannan ba na jira gari ya waye ba ne.

Ga gargaɗi kuma, don na san halinmu: da an ji abu na da amfani sai a nufi kemis. Kada ki sayo maganin ƙarin jini ki ɗura wa jariri da ra'ayinki. A Pemba ɗin nan da na ambata, an yi wani babban gwaji a kan yara fiye da 24,000, ana ba wasu ƙarfe da folik asid kullum a wurin da maleriya ta yi katutu. Sai da aka tsai da bayarwar, don waɗanda ke sha sun fi kwanciya asibiti ko rasuwa da kashi 12 cikin 100. Ƙwayar maleriya ma tana son ƙarfe. Saboda haka a ƙasa irin tamu ana ba da shi ne tare da kariya daga sauro da gwaji da maganin zazzaɓi a kan lokaci. Ki sa shi a gidan sauro tun daren farko, in damina ta zo masu rabon maganin rigakafin maleriya na yara suka ƙwanƙwasa, ki karɓa ki cika masa kwana ukun kowane wata. Mai sikila kuma ƙarancin jininsa daban ne, ba a ba shi ƙarfe sai gwaji ya nuna yana buƙata, don haka ku san nau'in jininsa da wuri. Ƙarfen da ke cikin abinci dai ba shi da wannan fargaba, ki ba shi hankali kwance.

Kwalli ma ki raba shi da idonsa. Yawancinsa da dalma a ciki, kuma hanjin yaron da ya rasa ƙarfe ya fi zuƙar dalma. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400.

Abinci kaɗai ba ya koya wa yaro tafiya, sai an ba shi fili. Goyo abu ne mai kyau, yana kwantar masa da hankali, amma kada ya wuni a baya. Ki shimfiɗa tabarma mai tsabta, ki kifa shi a kan cikinsa yana farke kina kusa, kaɗan kaɗan har ya tara kamar rabin awa a yini. A nan yake koyon ɗaga kai da dogara hannu. Barci kuwa a rigingine. In ya fara zama, ki ajiye murfin kwano ɗan nesa da shi ya miƙa ya ɗauko. In ya fara dafa bango, ga keken katakon nan mai ƙafa uku da yara ke turawa. Na san ɗan fari ne, na san kunya, ba za ki kira sunansa ba, ba za ki yi masa rawa a gaban surukai ba. Ki yi kunyarki a tsakar gida. In kun shiga ɗaki ki kalle shi ido cikin ido, ki yi masa magana, ki lura da abin da ya iya yau wanda bai iya ba makon jiya. Ba wanda zai riga ki ganin canji a jikinsa.

Maigidanki kuma ki karanta masa wannan, ko ki bari in ya zo gaishe ni in faɗa masa da bakina. A gidajenmu tsokar miya kwanon maigida take fara faɗawa, yaro a ba shi romo. Ba mugunta ba ce, sabo ne. In ya san ɗan wata 8 ya fi shi buƙatar tsokar nan, da hannunsa zai cire ya miƙa. Hantar da za ta ishi jariri ba ta kai kuɗin tsiren dare ɗaya ba. Surukarki ma kada ki yi mata gardama a kan kunu da ɗura. Ki tafi da ita awon jariri, ta ji daga bakin malamar asibiti, ta fi karɓa a can.

In an auna aka ce jininsa ya yi ƙasa, aka rubuta masa ƙarfe na ruwa, da nauyinsa ake lissafa yawan da zai sha, don haka kada ki ƙara kada ki rage. Ki ba shi tsakanin abinci da abinci, da ɗan ruwan lemo in ya kai wata 6, ba tare da madara ba. Ki ɗiga can gefen harshe, ki goge masa haƙora bayan nan don yana ɗan rina su. Cikin wata guda jini kan fara hawa, za ki ga yana neman abinci yana jawo kaya, amma kada ki tsaya a nan. Yawanci sai an ci gaba wajen wata 3 kafin ajiyar hanta ta dawo, sannan a koma a sake awo. Daga shekara 1 a riƙa ba shi maganin tsutsar ciki yadda asibiti suka tsara. Kwalbar tasa da ƙwayoyinki ki sa su can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, don jar ƙwayar nan kama take da alewa, kuma yaron da ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. In hakan ta taɓa faruwa, ko da ya yi kamar lafiyarsa lau, ki ɗauke shi da kwalbar ku tafi asibiti nan take.